Aminina, a gwada jinin Baba kafin a sake ɗora shi kan maganin tibi

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya jikin Baba? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan Legas alhamdulillahi, sai dai ruwa ya sako mu gaba, kasuwar Mile 12 duk ta zama taɓo.

Tun da na ji saƙonka hankalina bai kwanta ba. Ka ce Baba ya gama maganin tibi, wato tarin fuka, na wata 6, amma tarin yana nan, ramewa yake ta yi, har yakan ga jini a kaki, gwajin kakin kuma bai nuna ƙwayar tibi ba. Wallahi kamar labarin ƙanena kake ba ni. Shi ma a wani asibiti aka ce ciwon ne ya dawo, ya sake shan magani wata biyu a banza, muna kallonsa yana zubewa.

Sai da muka je asibitin koyarwa na Idi-Araba wata likita ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Ta ce tibi yakan tafi ya bar kogo a huhu. Ka san baƙar fumfunar nan da muke gani a jikin albasa in ta sha danshi? Danginta ne suka shiga huhun ƙanena, sunansu Aspergillus. Kowa yana shaƙar ƙurarsu kullum, lafiyayyen huhu ya share ta ba tare da an sani ba. Amma in ta samu kogo sai ta yi zamanta, wani lokaci har ta dunƙule kamar ƙwallo. Alamunta da na tibi kusan ɗaya ne, shi ya sa ake ruɗewa.

A kaki ba kasafai take bayyana ba, don haka jini aka ɗiba a hannunsa. Abin da ake nema a jinin shi ne garkuwar da jiki ya haɗa don yaƙar fumfunar, wadda suke kira IgG. In ka shigo unguwa ka tarar 'yan sintiri sun cika layi, ka san ɓarawo ya shigo ko ba ka gan shi ba. Akwai ma gwajin gaggawa, mai kama da na zazzaɓin cizon sauro, wanda ke ba da sakamako cikin kamar rabin awa. Amma likitar ba ta tsaya a jini kaɗai ba: ta haɗa da hoton CT na ƙirji, da kuma cewa ciwon ya haura wata 3. Ta ce wanda garkuwarsa ta yi rauni sosai, gwajin zai iya fitowa babu komai alhali cutar tana nan.

Wani bincike da aka yi a Legas da Ilorin, aka buga a 2017, ya samu wannan ciwo a kusan mutum 9 cikin 100 na masu matsala irin ta Baba. Ka ga ba ƙanena kaɗai ba ne.

Itraconazole, maganin kashe fumfuna, aka ba ƙanena, aka ce aƙalla wata 6, ana duba hantarsa lokaci zuwa lokaci. Akwai tsada, ba zan ɓoye maka ba. Kuma ba a haɗa shi da rifampicin na tibi, domin rifampicin yana karya wa itraconazole ƙarfi. Don Allah kada ku saya da kanku a kemis. Ku je wurin likitan ƙirji, ku ambaci gwajin da sunansa, wato Aspergillus IgG.

Yanzu ƙanen nawa ya koma rumfa, sai dai na hana shi tsintar ruɓaɓɓiyar albasa. Ka turo mini hoton takardun Baba ta WhatsApp, ranar Talata za mu koma asibiti, zan nuna wa likitar.

Ka gaida Inna da yara.

Naka har kullum,
Amininka na Legas