Takardar Koke Kan Masu Laifin da Ke Fakewa da Iyakar Najeriya da Nijar

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Katsina,
Alhaji Abdulmumini Kabir Usman,
ta hannun Hakimin Jibiya.

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin Sarki.

Bayan gaisuwa da ban girma, mu talakawanka manoma, makiyaya da 'yan kasuwa na ƙauyukan bakin iyaka a ƙasar Jibiya mun kawo kuka. Ɓarawo zai kore shanu ko ya ɗauke mutum da daddare, kafin asuba ya tsallaka. Jami'anmu suna isa iyaka sai su ja birki, domin doka ba ta ba su izinin wucewa ba. 'Yan'uwanmu na Ɗan Isa da Madarunfa da ke Nijar ma irin kukan da suke yi ke nan, don wanda ya yi musu ɓarna yakan gudo dazukanmu ya ɓuya. Gaskiya ɗaya ce, ɓarnar ta kowane ɓangare ce.

Mun san miƙa mai laifi ga wata ƙasa ba aikin masarauta ba ne, ba kuma na jiha ba. A Najeriya hurumin Gwamnatin Tarayya ne, ta hannun Babban Lauyan Ƙasa da Babbar Kotun Tarayya. To amma kafin takarda ta je Abuja ta zagaya Yamai, an daɗe da sayar da shanun. Ƙasashen ECOWAS sun sa hannu kan yarjejeniyar miƙa masu laifi a Abuja a 1994, sai ga shi Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025. Duk da haka nauyin bai sauka daga kan kowa ba. Ƙasashen biyu suna cikin yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2000 kan gungun masu laifi da ke ƙetare iyaka, wadda ta ce idan ƙasa ta ƙi miƙa wanda ake nema don ɗan ƙasarta ne, to wajibi ta gabatar da shari'arsa ga masu gabatar da ƙara nata. Ga kuma hukumar haɗin gwiwar Najeriya da Nijar da aka kafa tun 1971.

Ranka ya daɗe, roƙonmu shi ne Sarki ya kai maganar nan gaban Gwamna da hukumomin tarayya, a farfaɗo da irin zaman da gwamnonin Katsina, Sakkwato da Zamfara suka yi da gwamnan Maraɗi a 2019. A faɗa wa jami'an iyaka a rubuce wace doka ce ke aiki yanzu, da wanda za su kira a ɗaya ɓangaren idan aka bi sawu. A kuma tsaurara tantance dabbobi a kasuwannin bakin iyaka, don mai sayen kayan sata shi ke riƙe da ɓarawo.

Muna kuma roƙon Sarki ya tattauna da ɗan'uwansa Sarkin Katsinan Maraɗi. Ko lokacin da aka rufe iyaka a 2023, zumunci da auratayya ba su yanke ba, kuma masu unguwanni da dagatai sun fi kowa sanin baƙon da ya kwana a gari.

Ba ma son matasanmu su ɗauki doka a hannunsu, shi ya sa muka garzayo fada.

Allah ya taimaki Sarki, ya ƙara masa lafiya.

Naka masu biyayya,
Al'ummar ƙauyukan bakin iyaka, ƙasar Jibiya.