Furannin gefen titi ba datti ba ne

Malam Edita, assalamu alaikum.

Raina ya ɓaci da shirinku na ranar Asabar, inda baƙonku ya ce duk abin da ya tsiro a gefen titi datti ne, a bi shi da feshi a huta. Mai gabatarwa kuma ya bar maganar ta wuce, ko tambaya ɗaya bai yi masa ba.

Shekara 6 ke nan ina bin hanya guda a ƙafa zuwa wurin aiki. Da damina ta kankama, gefenta kan cika da duman kada mai fure shunayya, da rai-ɗore mai ruwan ɗorawa, da wasu 'yan farare da sai ka durƙusa za ka ga kyansu. Da sassafe, kafin motoci su yi yawa, har ƙugin ƙudan zuma nake ji. A nan 'yata ta koyi ƙirga, da malam-buɗe-littafi. Bara aka zo da maganin kashe ciyawa aka feshe wurin kaf. Cikin kwana goma ya yi jajir kamar an cinna masa wuta. Da aka yi ruwa mai ƙarfi, ƙasar da saiwoyi ke riƙewa ta zaizaye ta toshe kwalbati. Wannan ce tsabtar da baƙonku yake nufi?

Ya ce ciyayi na kare wa direba gani. Na yarda, a kwana da mararraba. To a yanke can, a yanke taku biyu daga bakin kwalta. Sauran a jira fure ya zubar da iri tukuna, kuma a kwashe abin da aka yanka, don in ya ruɓe a wurin ƙasa takan yi taki, doguwar ciyawa ta danne furanni. A jihar Texas ta Amurka, tun 1934 hukumar hanyoyi take jinkirta yanka sai furanni sun gama. A Birtaniya, inda kashi 97 cikin 100 na filayen furannin daji suka ɓace tun shekarun 1930, sama da nau'i 700 suna fake a gefen titi. Ya kamata a ce baƙonku ya san wannan kafin ya zauna gaban makirufo.

Ina roƙo ku sake shirin, ku gayyato mai kiwon zuma ko masanin tsirrai.

Sannan don Allah ku rage kiɗan da kuke sawa a ƙarƙashin labaran safe. Mahaifina kunnensa ya yi nauyi, kullum sai na maimaita masa abin da aka faɗa.

Naku,
Mai sauraronku na kullum