Godiya ta musamman ga ma'aikatan gidan tarihin Alfa Romeo da ke Arese

Assalamu alaikum. Na ga ya kamata in fito fili in gode wa ma'aikatan gidan tarihin motocin Alfa Romeo na Arese kusa da Milan, musamman wata baiwar Allah cikin masu zagayawa da baƙi, don wallahi karamcin da ta yi mana ni da yarona ban zata ba.

Ni bakanike ne, kuma tun da na zo ƙasar nan Italiya neman abinci nake da burin ganin Tipo 33, motar tsere ta Alfa Romeo, ido da ido, amma na daɗe ina ja da baya saboda duk wanda ke zaune a nan ya san yadda ake mana a wasu wuraren, ka biya kuɗin tikiti kamar kowa amma mai gadi na bin ka a baya, ka yi tambaya a jefo maka kalma ɗaya ana kallon wani gefe. Akwai wani wajen baje kolin motoci da aka hana yaron nan ɗaukar hoto alhali ga wasu can suna ta ɗauka, ranar da kuka ya koma gida, abin har yau yana min ciwo.

To a Arese muna tsaye gaban 33 TT12, ɗaya daga cikin samfuran Tipo 33 ɗin, yaron na tambayata ina ta kame-kame, sai matar nan ta matso da fara'arta, da ta lura Italiyancina bai nuna ba sai ta sassauta magana, ta ɗauko mana tarihin tun daga tushe. Injiniya Carlo Chiti da kamfanin Autodelta ne suka raini motar, ta fara fita a 1967 a tseren hawan tudu na Fléron a Beljiyam da ɗan injinta V8 mai lita 2 kuma ta ci. A 1968 a Le Mans, inda ake kwana a wuni ana gudu awa 24, guda uku suka zo na 4 da na 5 da na 6 a tsakiyar motocin da injinsu ya ninka nasu. Daga nan suka sha wuya a hannun Porsche da Ferrari kafin 1971 da Nino Vaccarella, malamin makaranta ɗan Palermo, shi da Toine Hezemans suka ci tseren Targa Florio a kan duwatsun Sisili.

Da ta ji sana'ata sai ta tsaya sosai a kan injin TT12 ɗin, silinda 12 a kwance shida nan shida can don nauyi ya zauna ƙasa motar ta riƙe titi a kwana, ga firam na bututun ƙarfe. Da TT12 ɗin suka ɗauki kambun duniya a 1975, tsere 7 cikin 8 da suka shiga, sai 33 SC12 ta zo a 1977 ta share duka 8. Na yi mata tambayoyi irin namu na 'yan gareji, ba ta ƙosa ba, har durƙusawa ta yi tana nuna wa yaron ƙasan motar, ita da kanta ta karɓi wayata ta ɗauke mu hoto. Madam, Allah ya saka miki da alheri, ya ƙara ɗaukaka wajen aikinku.

Tikiti da tsafta da sauransu duk lafiya lau.

Abin da ke damuna shi ne me ya sa irin wannan ya zama abin mamaki? Ka je ofishin takardu ka yi layi tun asuba cikin sanyi a ƙarshe a ce ka dawo wani watan ba tare da an ɗago an kalle ka ba, ka shiga shagon sifiya fat da kuɗinka a hannu a bar ka tsaye a sallami wanda ya zo bayanka, mu ma can gida ba mu tsira ba, ma'aikaci na danna waya kana masa sallama ko amsawa ba zai yi ba.