A Kai Darasin Zoben Tsuntsaye Bakin Fadama

Zuwa ga Edita,

Na karanta rahotonku kan masanan da ke kama tsuntsayen daji da raga a gaban jama'a, su auna su, su sanya musu zobe mai lamba a ƙafa, sannan su sake su, irin aikin da cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI ke yi kusa da Jos.

Damuwata ita ce ɗalibai suka fi halartar irin wannan taro, alhali mafarauta da masunta ne ke tsintar zobban. Na taɓa ganin wani maharbi ya adana ɗaya a aljihu, yana zaton laya ce, bai san lambar na iya nuna tsuntsun daga Turai ya taso ba.

Ina ba da shawarar a kai wannan nuni na sanya zobe zuwa fadamar Haɗeja da Nguru lokacin hunturu, a yi bayani da Hausa, kuma a faɗa wa jama'a inda za su miƙa zoben da suka tsinta.

Naku,
Wani mai karatu daga Nguru