Tartsatsin da ke fita daga bargo a lokacin hunturu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili a jaridarka domin in yi bayani a kan wani abu da ke firgita mutane a nan Sakkwato duk shekara, daga Disamba zuwa Fabrairu. Makon jiya wata maƙwabciyarmu a Mabera ta shigo da sassafe hankalinta a tashe, ta ce da ta yaye bargon ɗanta cikin duhu ta ga shuɗiyar wuta tana ƙyas-ƙyas, har ta soma tunanin nemo mai ruƙiya.

Abin da ta gani lantarki ne da gogayya ke haifarwa. Kowane abu an gina shi da ƙwayoyin zarra, a cikinsu kuma akwai wasu 'yan mitsi-mitsi da ake kira elektron. Idan bargon nailan ya gogi rigar yaro, sai wasu elektron su bar ɗaya su taru a kan ɗayan. Da damina laimar iska takan kwashe su a hankali, shi ya sa ba a jin komai a watan Agusta. Da hunturu kuwa iska ta bushe, ba su da hanyar zurarewa, sai su taru har ƙarfinsu ya kai dubban volt, sannan su tsallake lokaci guda. Shi ne kuma jan da yatsa ke ji idan an taɓa ƙofar mota. Girkawa sun lura da haka kimanin shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), lokacin da suka ga wani busasshen ƙaro yana jan ciyayi idan an goge shi, kuma daga sunan wannan ƙaro a harshen Farisa ne Larabawa suka samo kalmar kahraba, wato lantarki.

Tartsatsin bargo ba ya cutar da yaro. Inda hankalina ke tashi shi ne wurin fetur, domin tururinsa yana kamawa da ɗan tartsatsi kaɗan. Kullum ina ganin ana cika jarka tana kan babur ko a bayan mota, ina kuma ganin 'yan bumburutu suna juye mai daga roba zuwa roba da rigar sanyi a jikinsu. Ina roƙon masu gidajen mai su riƙa sa a sauke jarka ƙasa kafin a zuba, bakin tiyo ya riƙa taɓa bakinta, direba kuma ya dafa ƙarfen motarsa kafin ya kusanci famfo. Malaman firamare su ma su ba yara biro su goga a gashi, su ga yadda yake ɗaukar gutsattsarin takarda, tun kafin hazo ya wuce.

Wassalam.

Naka,
Wani malamin makaranta,
Mabera, Sakkwato.