Sakatarori ma a koya musu tsaron kwamfuta

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina da shagon buga takardu da fotokwafi a bakin ƙofar wata jami'a a nan arewacin Kamaru. Abin da idona ke gani a shagon ne ya sa na rubuto.

Da zarar an ɗauke wuta a ofis, ko tawadar firinta ta ƙare, wurina ma'aikata ke zuwa. Malami ya buɗe imel ɗinsa a kwamfutata, ya fitar da takarda, ya biya ni, ya ruga aji bai rufe ba. Ɗalibin da ya zauna bayansa, ga komai a gabansa. Akwai wanda ya taɓa barin tambayoyin jarrabawa a cikin kwamfutar, har da sunan darasin. Na goge. Amma ba kowane mai shago ne zai goge ba, don irin wannan takarda kuɗi ce. Filash kuwa ba a magana. Guda ɗaya ke yawo daga shagona zuwa ofis, daga ofis zuwa kwamfutar ɗalibi, yana kwasar ƙwayoyin cuta yana rabawa. Wata Hajiya sakatariya, mutuniyar kirki wallahi, ta ce min su huɗu ke shiga da kalmar sirri ɗaya, an rubuta ta a 'yar takarda an manna jikin allon kwamfuta don kar a manta. Da na ce, "Hajiya, wannan ai ganganci ne," sai ta ce, "To wa ya taɓa koya mana?"

Gaskiyarta. Ana taron bita kam, amma manya ke zuwa. A sha lemo a otal, a karɓi alawus, a ɗauki hoto. Wadda ke shigar da makin ɗalibai da mai karɓar rasit na kuɗin rajista, sefa dubu 50 na kowane ɗalibi, ba a tunawa da su. Alhali a hannunsu sunaye, ranakun haihuwa da lambobin wayar dubban yaranmu suke, kuma a WhatsApp ake tura jerin. In ya faɗa hannun ɗan damfara, iyaye zai bi, ya kira su da sunan ɗansu da lambar rajistarsa, ya ce a turo cikon kuɗi ta Orange Money ko MoMo kafin gobe.

Kada a ce mu talakawa ne, wa zai kula mu. Jami'ar Maastricht ta ƙasar Holan ta fi mu kayan aiki nesa ba kusa ba, amma a Disambar 2019 masu kutse suka kulle mata na'urori, sai da ta biya kusan Yuro dubu 200, wajen sefa miliyan 130 ke nan. Ta ina suka shiga? Ta saƙon imel na yaudara da aka buɗe tun watan Oktoba.

Doka muna da ita tun 2010 kan laifukan intanet, ga kuma ANTIC, hukumar ƙasa mai kula da fasahar sadarwa da tsaron intanet, a Yawunde. Sai dai doka ba za ta tsaya a bayan sakatariya ta ce mata kar ki taɓa wannan saƙo ba.

Roƙona ga shugabannin jami'o'inmu na Ngaundere, Marwa da Garwa: a bi ma'aikata ofis-ofis, a zauna da kowa a kan kwamfutarsa ko na sa'a guda, a farkon kowane zango. A nuna musu saƙon ƙarya na gaske su gan shi da idonsu, a ba kowa kalmar sirrinsa shi kaɗai. In Faransanci ya yi nauyi, a yi da Fulatanci ko Hausa. Wanda kuma ya riga ya danna, a sanar da shi ofishin da zai kai rahoto ba tare da tsoron takardar tuhuma ba. Mu ma masu shaguna na bakin ƙofa a gayyace mu, za mu zo da kujerunmu.

Naku,
Mai shagon fotokwafi, arewacin Kamaru