Godiya ga masu wurin kafa tanti a dajin Baljurashi, da saurayin da ya tashe ni cikin dare

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga shugaba da ma'aikatan wurin kafa tanti da ke cikin dajin ar'ar a gefen Baljurashi, yankin Baha. Da Hausa na rubuta takardar nan don 'yan'uwa mazauna Makka da Jidda da Madina su ji abin da aka yi mana. Babbar 'yata ta ɗauki alkawarin mayar da ita Larabci ta aiko muku. Ina jin Larabci, da shi nake neman abinci, amma maganar da ta fito daga zuciya ba ta zo mini sai da harshen da Inna ta raine ni da shi.

Ni direba ne, shekarata 23 a Makka ina jigilar alhazai da masu Umara. Wanda ya yi aikin Hajji a shekarun nan da yake faɗowa tsakiyar zafi ya san halin da jiki ke shiga. A Hajjin 2024 ma'aunin zafi a Harami sai da ya kai 51.8. Idan alhazai suka watse, mu da muka yi musu hidima mukan zama kamar tsumman da aka matse. Ga kuma Inna, ta haura saba'in, gwiwa ta hana ta tafiya, ba ta fita sai a keken guragu. A kusa da madatsar Tiga ta girma, kuma ta daɗe tana ce mini ba abin da take marmari irin ta ga ruwa kwance da ɗanyen ganye a gefensa.

Sau biyu na gwada cika mata wannan buri, sau biyu ina dawowa da baƙin ciki. Shekara biyu da suka wuce na kama wuri a wani tsaunin daban, ba zan faɗi sunansa ba. Ta waya muka yi magana, na tura kafin alƙalami, aka ce mini an ajiye mana tanti biyu. Muka isa bayan Isha'i. Mai wurin ya fito, ya haska fitila cikin mota, ya bi fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce wuri ya cika. Ina tsaye ina kallon tantuna huɗu a buɗe ba kowa ciki. Ban yi masa musu ba, don yara na jin mu. A gidan mai muka kwana cikin mota, Inna a zaune har asuba, ƙafafunta sun kumbura. Kuɗina kuwa sai da na yi wata guda ina bi kafin a dawo da rabi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne tambayar da ɗana ya yi mini a hanyar dawowa: «Baba, me muka yi masa?» Har yau ban ba shi amsa ba. Wuri na biyu sun karɓe mu, amma da suka ƙirga kawunanmu sai kuɗi ya ninka, ban-ɗaki kuma ba ruwa, ƙofarsa da igiya ake ɗaure ta.

Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Shi ya sa da na kira ku, kafin a yi maganar kuɗi na faɗi komai: mu tara ne, mu Hausawa ne baƙaƙen fata, akwai tsohuwa a keke, in akwai matsala a gaya mini tun ina gida. Da nauyin baki na faɗi wannan magana, don bai kamata mutum ya riƙa gabatar da launin fatarsa kamar wani aibu ba. Wanda ya ɗauki wayar ya ce, «Hayyakumullah.» Sai ya tambaye ni ko Hajiya tana iya taka matakala ɗaya ko biyu, ko kuwa a nema mata wuri shimfiɗaɗɗe. Tambayarsa ke nan. Na ajiye waya na daɗe zaune ban ce komai ba.

Ranar Alhamis bayan sallar asuba muka ɗau hanya, muka hau tsaunin Hada, muka ratsa Ɗa'if, muka miƙe kudu. Tafiyar ta haura kilomita 300, kuma daga Makka da ba ta kai mita 300 a kan teku ba, mutum yakan tsinci kansa a tudun da ya kai kimanin mita 2,000. Tun kafin garin Baha muka kashe na'urar sanyaya mota muka sauke gilashi. Baljurashi tana gaba kaɗan, kamar kilomita 30.

A bakin ƙofa muka tarar da shi, saurayi ɗan ƙabilar Gamid da ba zai wuce shekara 25 ba. Ya duba igamata, wato katina na izinin zama a ƙasar, ya miƙo mini, bai leƙa motar yana ƙirga ba. Ya zagaya ta wajen Inna ya ɗan rusuna ya ce, «Marhaban hail, addas sail, ya ummi.» Gaisuwar mutanen Baha ce, wato maraba mai yawa kamar ruwan da ke kwarara a kwari. Inna ba ta ji duka ba, amma ta ji «ummi», ta ce masa, «Sannu ɗan nan, Allah ya yi maka albarka.» Ashe tun kafin mu zo ya sauya mana wuri ya kawo mu kusa da ban-ɗaki, ya jera katako biyu a kan ɗan tudun da ke gaban tanti don keken ya hau. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, mu kuwa duka biyun muka samu.

Sauran abubuwa yadda ya kamata suke: ruwa na zuwa, ban-ɗaki tsaf, wurin sallah da alamar alƙibla, murhun dutse a gaban kowane tanti, kuɗin da aka faɗa a waya shi aka karɓa.

Dajin kansa sai wanda ya gani. Ar'ar itace ne da ba ya kaɗe ganye rani da damina, ƙamshinsa kamar an turara wuri, wasu rassan da wani farin gansakuka yana reto kamar gemun dattijo. Da yamma hazo ke tasowa daga Tihama, wato filin da ke ƙasan tsaunukan ta ɓangaren teku, ya hauro tsauni ya shiga tsakanin itatuwa, har ka daina ganin motarka. Saurayin ya ce wa yarana daga wannan hazo itatuwan ke samun wani kaso na ruwan da suke sha, kuma girmansu a hankali yake, wanda kauri bai wuce cinyar mutum ba ya girmi ubansu. Don haka ba a karya ko busasshen reshe, gawayin da za a dafa abinci na shigowa ne daga waje, ana sayar da shi a bakin ƙofa. Ya gaya mini hura wuta a inda ba a keɓe ba cikin daji tararsa na iya kai riyal 3,000. Bai faɗa da barazana ba, faɗar mai son ya tsare maka aljihu ya yi. Ya kuma ja kunnen yara game da gwaggon biri: kada a ba su abinci, kada a riƙe leda a hannu, a kulle kayan ci a mota.

Ranar Juma'a bayan mun sauko daga masallaci muka kai Inna tafkin madatsar Janabain. Kafin mu tashi sai da ya biyo mu har mota ya ce kada yaro ya sa ƙafa a ruwan. Ruwan madatsa a sama yake kwance lafiya, ƙasansa laka ce mai riƙe ƙafa, zurfinsa kuma farat ɗaya yake zuwa. Muka ajiye keken Inna a inuwa tana fuskantar ruwa, duwatsu sun kewaye shi. Ta fi awa guda ba ta yi magana ba, carbi kawai take ja. Daga baya ta fara ba jikokinta labarin yadda suke wanki a bakin ruwa suna 'yan mata, labarin da ni kaina ban taɓa ji ba.

Muna can hadari ya haɗu. Kafin mu koma an yi ruwa da ƙanƙara, barguna da muka shanya a igiya sun jiƙe sharkaf. Dare ya yi, sanyi ya sauko, irin wanda jikin da ya saba da Makka bai san shi ba. Inna tana rawar ɗari. Uwargida ta kwashe ragowar garwashin da muka dafa shayi ta zuba a kasko ta kai tantin da Inna take kwana da jikoki uku, aka ja zif aka rufe. Da sanina aka yi, na ga abin kamar yadda ake yi a gida lokacin hunturu, ban kawo komai a raina ba.

Wajen ƙarfe ɗaya na dare na ji sallama a hankali daga bayan tantina. «Ya ammi, ya ammi.» Shi ne, da tocila a hannu, yana zagayen dare. Ya ga jan haske ta jikin tantin Inna. Bai taɓa tantin ba saboda ya san mata ne a ciki, ni ya zo ya tasa. Ya ce in buɗe yanzu yanzu in fitar da wutar in fito da kowa waje. Da na buɗe, Inna ta ɗaga kai da ƙyar ta ce jiri take ji. Autarmu mai shekara biyar sai da na girgiza ta sau uku kafin ta buɗe ido, tana tashi ta fara amai tana riƙe kai.

Ba na son tuna mintunan nan, amma dole in rubuta su don wani ya tsira. Gawayi in yana ci a rufaffen wuri yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari. Tana shiga jini ta tare gurbin iskar da jiki ke rayuwa da ita, mai barci kuma ba ya farkawa ya ji, nauyi kawai barcin ke ƙarawa. Ita ce dai iskar da ke kashe iyali guda a gida in an kwana da janareta a cikin ɗaki. Tantin leda da aka ja wa zif ya fi kowane ɗakin ƙasa toshewa.

Saurayin nan ya zaunar da su a fili, ya kira 997, lambar motar asibiti, ya tuɓe farwarsa, wato babbar rigar sanyin da ke jikinsa, ya lulluɓa wa Inna, shi ya tsaya da 'yar riga cikin wannan sanyi. Ya gudu bakin titi da tocila don motar asibiti ta gane kwanar cikin hazo. Aka sa wa Inna da auta abin shaƙar iska, aka tafi da su, da hantsi aka sallamo su lafiya. Duk tsawon daren bai ce mana «me ya sa kuka yi haka» ba. Uwargida tana kuka tana cewa ita ta jawo, ya tsaya daga nesa ya ce mata, «Ya khala, niyyarki alheri ce, kuma Allah ya tsare.» Da muka dawo daga asibiti mun tarar an shanya bargunanmu, an ajiye wasu busassu guda huɗu a tanti, da fulas na ruwan zafi. Shugaban wurin ya zo da kansa ya duba Inna, ya ce mu ƙara kwana ɗaya ta huta, ba ko riyal.

Na yi yawo a ƙasar nan daidai gwargwado, kuma na san yadda mai gadin dare yake a wurare da yawa: yana cikin ɗaki, ƙofa a rufe, ido a kan waya har gari ya waye. Akwai wuraren da ake karɓar kuɗi masu kauri amma ba tukunyar kashe gobara ko ɗaya, ba wanda zai gaya maka kada ka kafa tanti a cikin kwari don ruwa na iya taho maka daga tsaunin da ba ka ma ga hadarinsa ba. Da a irin waɗannan wurare muka kwana, da wata takardar daban ake rubutawa yau. Su ma masu zuwa shan iska da nasu laifin, har da mu. A bakin tafkin nan na ga ledar cin abinci da ƙasusuwan kaza da robobin ruwa an tashi an bar su, kwandon shara kuwa taku goma ne. Na ga babban mutum yana jefa wa birai burodi ta tagar mota yana ɗaukar hoto, gobe su fizge abinci a hannun yaron wani a ce birai sun yi ƙarfin hali. Mutum ya tsere wa zafi ya zo wuri mai ni'ima, ya ɓata shi, ya koma gida.

Roƙona gare ku guda biyu ne. Ku riƙe yaron nan da kyau, ku kyautata masa. Sannan ku manna gargaɗin gawayi a ƙofar kowane tanti, da Larabci da sauran harsunan baƙin da ke zuwa muku. Na Hausa ni zan rubuta muku, ku dai ce in turo.

Ranar Asabar ƙanena ya leƙa Kasuwar Asabar ta Baljurashi ya sayo wa Inna zuman magarya. Da za mu tafi ranar Lahadi na naɗe kuɗi na sa wa saurayin a hannu, ya mayar mini cikin aljihu ya dafe da tafinsa, ya ce baƙo ba ya biyan maraba. Kilishi da yajin da muka zo da su kawai ya karɓa, shi ma don Inna ce ta miƙa masa da hannunta. Ta sa ya durƙusa gefen kekenta, ta ɗora masa hannu a ka ta yi ta addu'a da Hausa, yana cewa amin bai san me take faɗa ba.

Ta ce in gaya muku ku gaida mata jikanta, ku ce masa farwarsa tana wurinta, ta manta ba ta cire ba har muka kai Ɗa'if. Ta sa an wanke ta an ninke, kuma ta ce ba za a ba direba ko ɗan aike ba, ita za ta kawo masa da kanta lokacin da rumman ya nuna.

Wassalam.
Naku, wani direba daga Makka, shi da iyalinsa.